Sarautar Olsa

A unguwarmu akwai wata sarauta da ba a naɗa mata rawani, ba a kai gaisuwa fada, amma kusan kowane magidanci yana riƙe da ita. Sunanta olsa. Ka zauna a majalisa bayan isha'i ka ce cikinka yana ɗan zafi, kafin ka rufe baki mutum biyar sun dafe ƙirji. Wannan ya ce tasa ta shekara goma. Wancan ya ce ai taka jaririya ce, tawa tun mulkin soja. Alhajin da ke kan kujerar roba kuwa ba ya ma cewa "ina da olsa", sai dai "olsata", kamar yadda yake cewa gonata ko motata.

Tambaye shi wane likita ya auna shi, sai ya dube ka kamar ka nemi takardar haihuwar kakarsa. "Wane awo kuma? Ni da cikina?" Yaron kemis ne ya shaida masa. Shi kuma yaron kemis ya gano cutar ne daga yadda Alhaji ya yamutse fuska.

Kowa a majalisar ya amince cewa yunwa ce ke kawo ta. To, mu bi mai sarauta yini guda mu ga yunwar. Da safe ya fice ba karin kumallo, sai ɓarin goro a kunci. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce, yana ta fafutuka. Da jiki ya yi tsami sai ya tsaya a kemis a "haɗa masa": Diclofenac, Ibuprofen, Feldene, wani lokaci a ɗora da garin Alabukun, ya kora da ruwan leda a cikin da ko ƙwayar gero babu. Da dare ake ramuwar gayya. Malmala uku ta tuwon masara, miyar kuka, man shanu yana iyo a kai. Ya leƙa wurin mai tsire, "a zuba yaji da kyau". Ya biya teburin mai shayi, Indomie biyu, ƙwai uku, shayi mai kauri. Sai lemon kwalba "don abinci ya faɗa". Sha ɗaya da rabi ya miƙe a katifa. Ƙarfe biyu ƙwannafi ya tashe shi, ya zauna bakin gado yana gyatsa kamar tsohuwar tifa a hawan tudu, yana cewa, "Olsar nan ita ce ajalina." Da ciki yana da baki, shi zai riga kai ƙara wurin mai unguwa.

Abin da ya tashe shi ɗin ba lalle ne gyambo ba. Tsakanin hanyar abinci da tumbi akwai wata 'yar ƙofa. Idan tumbi ya cika maƙil, ga maiƙo, mutum kuma ya kwanta, ruwan tsamin da ke narkar da abinci sai ya turo ƙofar ya hau ƙirji. Maganinsa a rage malmala, a ci na dare da wuri, a bari kamar awa uku ta wuce kafin kwanciya, a ɗan ɗaga gado ta wajen kai, a sassauta wa goro da sigari. Amma wa zai yarda da maganin da ba a ƙulla masa a leda ba?

Shi kuwa gyambon ciki na gaske, manyan masu laifinsa biyu ne, kuma yunwa ba ta cikinsu. Na farko su ne ƙwayoyin kashe ciwon jikin nan da ake haɗa wa Alhaji, waɗanda ke cinye rigar da ke kare bangon tumbi. Na biyu wata ƙwayar cuta ce, Helicobacter pylori, wadda yawanci tun ƙuruciya ake ɗauka ta gurɓataccen ruwa, abinci ko yawu. Likitoci biyu ne a birnin Perth na Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka bankaɗo ta a 1982. Da abokan aikinsu suka ƙi yarda, Marshall ya kurɓe ruwan ƙwayoyin da kansa a 1984, tumbinsa ya kumbura, a 2005 aka ba su kyautar Nobel. Mu da muka shekara da shekaru muna shan ta kyauta a ruwan rijiya, ko sabulu ba a taɓa ba mu ba. Ana gano ta da gwajin bahaya ko na numfashi, a kashe ta da magani na kwana goma zuwa mako biyu. Amma Alhaji ya gwammace shekara goma yana jiƙa kanwa, yana kwankwaɗar madara, wadda ke lallashin wuta na ɗan lokaci sannan ta sa tumbi ya ƙaro tsami. In abin ya ci tura, ga mai lasifika a tasha da jarkarsa ɗaya mai warkar da olsa, basir, taifot, sanyi, har da abin da ba a faɗa gaban surukai.

Olsar majalisa tana da kalanda ma. Ranar da aka ga watan azumi take tashi. Ban taɓa ganin ta tashi a wurin walima ba. Masu ciwon gaske kam, likita da malam duk sun ba su uzuri, kuma wanda ya ga bahayarsa ta yi baƙi kamar kwalta, ko yana aman jini, ko yana ramewa, ko abinci yana tsaya masa a wuya, wannan ya bar raha ya nufi asibiti a ranar.

Ni ma na riƙe sarautar shekara bakwai. Albarkacinta uwargida ke ware mini hanta, ta dafa mini ƙwai, ta hana yara taɓa gwangwanin madarata. Bara tsautsayi ya kai ni asibiti, aka auna ni ciki da bai. Likitar, yarinya sa'ar 'yata, ta duba takarda ta ce, "Baba, ba ka da gyambo. Ƙarfe nawa kake cin abincin dare?"

Na ce, "Wanne daga ciki?"

Da na dawo gida uwargida ta tare ni a zaure. "Malam, me suka ce?"

Na tura takardar can ƙasan aljihu, na dafe ƙirji, na ce, "Sun ce a ci gaba da hantar."