Bashin Bature a Shagon Kawu

A shekarar 2000, duk wanda ya mallaki kwamfuta a unguwarmu ta cikin birnin Kano, ko da ba ta kunnuwa, gaisuwar manya ake yi masa. Kawuna yana da guda, kuma tana kunnuwa. Gwanjo ya sayo ta da kuɗin sallamarsa daga aikin gwamnati, ya girke ta a shagon ƙofar gida, ya sa aka rubuta a bango cewa ana buga takardu. Ni ne mai bugawar. Albashina, in ji Kawu, albarka ce da abincin rana, sai ɗan abin da ya sawwaƙa a ƙarshen wata.

Kwamfutar 486 ce mai Windows 95, ƙwaƙwalwarta megabayit 8, rumbun ajiyarta megabayit 420. A wani ofis a Jamus ta yi ƙuruciyarta, kuma ta zo da shaida. A maɓallan rubutunsu, Jamusawa suna ajiye harafin Z a gurbin Y, Y kuma a gurbin Z, wanda ya saita ta a Legas kuwa ya ɗora mata tsarin Amurka. Ka danna Y, Z ta fito. Wasiƙar farko da na buga da Hausa, duk inda aka ce "ya zo" sai ga "za yo", mai wasiƙar ya karanta ya tambaye ni ko Hausar wace ƙasa ce.

Faifan da ya jawo mini magana a wani shago na Titin Beirut na same shi. A bangonsa an zana jirgin yaƙi, dodo da zomo mai bindiga, an rubuta wasanni da manhajoji sama da dubu. Na tambayi mai shagon yadda ake amfani da shi.

"Kai dai saka kawai," in ji shi. "Da kansa zai tashi."

Bai tashi ba. Abin da na tarar jerin sunaye ne marasa kan gado, domin DOS ba ya yarda suna ya wuce harafi takwas, sai ɗigo da wasu uku: 1WOLF14.ZIP, DOOM19S.ZIP, haka dai har ƙasa. Yawancinsu a ƙunshe suke, sai an kwance. Makwancin yana cikin faifan, sunansa WinZip. Da na ɗora shi, ya fito da wani dogon Turanci da maɓallai a ƙasa. Na nemi wanda ke nufin na yarda, na danna, na wuce. Wa ke tsayawa karatu alhali wasa dubu na jiransa?

Daren nan na yi ta kwancewa ina zubawa a rumbu. Lissafin da ban tsaya yi ba shi ne, faifan CD yana ɗaukar megabayit 650, kwatankwacin fulofi 450, tun ma kayan suna ƙunshe. Wato faifan ya fi cikin kwamfutar girma. Da safe wata Hajiya ta kawo sunayen waɗanda za a kai wa katin bikin 'yarta, na gama bugawa tsaf, na zo adanawa, kwamfuta ta ce babu masaka tsinke.

"Me ya cika ta?" in ji Kawu.

"Ilimi ne, Kawu."

"To kwashe ilimin, ka sa sunayen Hajiya."

Daga ranar aka kafa doka: kada a sake zuba komai a rumbu. Na ce ba komai, ai akwai wasannin da aka riga aka kwance, daga faifan suke tashi kai tsaye. Sai dai wanda na ƙwallafa wa rai ya ce shi ba ya zama inuwa ɗaya da Windows, sai an koma DOS zalla. Na koma. Allo ya yi baƙi, na rubuta D, wato harafin faifai, aka ce ba a san shi ba. Faifan yana ciki, ina jin jujjuyawarsa, amma DOS ya rantse bai taɓa ganinsa ba. Ashe shi ba ya gane na'urar faifai sai an yi masa gabatarwa: layi ɗaya a fayil ɗin CONFIG.SYS, wani layin mai kiran MSCDEX a AUTOEXEC.BAT. Wani abokina ya rubuto mini su a bayan takardar jarrabawa. Na kwafa, faifai ya bayyana, na kira wasa, wasa ya ce ƙwaƙwalwa ba ta isa ba.

A nan na fara zargin an cuci Kawu. Megabayit 8 fa aka ce! Ashe laifin na kakanni ne. Kwamfutar IBM ta 1981 iyakar abin da take iya lissafawa megabayit 1 ne, aka yanka wa manhajoji kilobayit 640 daga ciki, aka bar sauran ga allo da kayan ciki. Shekaru suka shuɗe, ƙwaƙwalwa ta yi ta ƙaruwa, amma yawancin wasannin DOS ba su san komai ba sai wannan 640 ɗin, kuma duk abin da ka ɗora, na faifai ne ko na linzami ko na sauti, daga nan yake gutsurar rabonsa. In na cire na faifai, wuri ya samu amma babu faifan da za a ɗauko wasan. In na mayar da shi, ga wasa ga ƙarancin wuri. Gaba kura, baya sayaki.

Abokin nan nawa ya sake kawo ɗauki da fulofi mai ɗauke da MemMaker, manhajar da Microsoft ta fitar tare da MS-DOS 6 a 1993 don ta kwashe irin waɗannan 'yan cin wuri ta kai su sama da 640. Aikinta sai ta kashe kwamfuta ta kunna, ta gwada, ta sake kashewa ta kunna. Tana tsakiyar gwajin aka ɗauke wuta. Da wuta ta dawo, kwamfuta ta rubuta cewa tana tayar da Windows 95, ta tsaya a nan. Har aka yi sallar isha'i tana tayarwa.

Kafin mai gyara ya samu zuwa, na ɗauki faifaina na tafi gidan wani ɗan ajinmu da yayansa ke da sabuwar Pentium II, wadda ake zuwa kallo daga wasu unguwanni. Na ce yau zomon nan mai bindiga, Jazz Jackrabbit, zai san ya zo Kano. Muka kira shi, allo ya ƙifta, ya rubuta Runtime error 200, ya koma ya yi shiru. Dalilin ya fi ƙarfin dariya. Wasannin da aka rubuta da Turbo Pascal sukan auna saurin kwamfuta kafin su fara, ma'aunin kuwa an yi shi ne da tsofaffin injuna a zuciya. Da sauri ya wuce wajen megahaz 200, sai lissafin ya tumbatsa, wasan ya faɗi tun bai miƙe ba. Ta Kawu ta yi rauni, ta yayan abokina ta yi ƙarfi da yawa. Na dawo gida da faifai a aljihu, zomo bai fito ba.

Mai gyaran, wanda kowa ke kira Injiniya, ya iso da jakar sukurdireba da bai buɗe ba. Ya kunna kwamfuta, ya danna F8, ya zaɓi a riƙa tambayarsa layi-layi, ya ƙi amincewa da layi guda, Windows ta tashi garau. Aikin bai kai tsawon shan kofin shayi ba, kuɗin kuwa ya kai na buga takardun yini biyu. Da Kawu ya yi ƙorafi, ya ce ba dannawar ake biya ba, sanin abin dannawar ake biya. Kafin ya tafi ya roƙar mini sassauci: a bar ni in zuba wasa ɗaya tak a rumbu. Ya kuma raɗa mini cewa duk fayil ɗin da aka kwafo daga faifai yana zuwa da tambarin "a karanta kawai", in ban cire shi da ATTRIB ba, wasa ba zai tuna inda na tsaya ba.

Na zaɓi Doom, wanda kamfanin id Software na Texas ya saki a Disambar 1993. Shi bai damu da rigimar 640 ba, yana da hanyarsa ta kaiwa ga sauran ƙwaƙwalwar. Abin da ya nema kawai in gaya masa inda katin sauti yake: adireshi, da lambar IRQ, da ta DMA. Adireshi 220, wannan kowa ya sani. DMA 1. IRQ kuwa ko 5 ko 7, ya danganta da katin. Na ce bakwai ta fi albarka.

Ranar Asabar ce bayan la'asar, Kawu da Malam, limamin masallacin layinmu, suna zaune a kan benci a ƙofar shago. Na ƙure sifika don kada in rasa komai. Wasa ya buɗe, na shiga ɗakin farko, wani abu ya hango ni ya yi gurnani. Katin sauti ya rera guntun gurnanin, ya aika saƙon a ƙaro masa ta layi na biyar, wasa kuwa yana can ya kasa kunne a layi na bakwai. Da katin bai ji amsa ba, sai ya yi ta maimaita abin da ke hannunsa. Gurnani ɗaya, ba numfashi, ba ƙarshe, kuma duk maɓallan sun daskare.

Malam ya miƙe tsaye yana neman tsari, takalmi ɗaya a ƙafa. Mai gyaɗa ta bar farantinta. Yaran layi, maimakon su gudu, suka cika taga. Kawu ya leƙo, ya ga jan allo da hannu riƙe da bindiga da wata halitta tsaye cak, ya tambaye ni cikin natsuwar da ta fi tsawa ban tsoro:

"Wannan ma ilimin ne?"

Na zare waya daga bango. Washegari na sa 5, komai ya daidaita, aka kuma ƙara doka ta biyu: babu sifika sai an rufe shago.

Haka na bi Doom daki-daki har ƙarshen kashin farko. Ina jiran a buɗe mini na biyu, sai aka fito da sanarwa: in kana son sauran kashi biyun, ga lambar waya, ka biya dala 40. Kawu, wanda ya yi shekaru yana rubuta wasiƙun ofis da Turanci, ya sa tabarau ya karanta daga bayana. Nan na yi masa bayanin abin da ake kira shareware, yadda Injiniya ya yi mini. Ɗanɗanon mai tsire ne: a yanko maka yanka ɗaya kyauta, in ya yi maka ka sayi tsinke. Kamfanin Apogee ne ya shahara da wannan dabara ta sakin kashin farko kyauta, da ita aka sayar da Commander Keen a 1990 da Wolfenstein 3D a 1992. Masu haɗa faifai kuwa tattaro ɗanɗanon suke yi su cika faifai da shi.

"To kuɗin da ka ba mai shago na mene ne?"

"Na faifan ne, Kawu. Masu wasan ba su ga ko kwabo ba."

Ya jinjina kai. Na Doom bai dame shi ba, tunda kyauta aka ce, kuma ba a ci tsinken ba. Sai ya ce in buɗe masa ɗayan, mai dogon Turancin da nake tsallakewa kullum. Ya karanta shi tun daga sama. An ba da kwana 21 na gwaji, bayan nan a biya dala 29. A ƙasa kuma ga lissafin kwanakin da aka yi ana amfani da shi, manhajar tana ƙirgawa da kanta, kuma mun wuce wa'adi da nisa. Mafi muni, da ita muke matse takardun ɗalibai su shiga fulofi, wato har kuɗi mun ci da ita.

Kawu mutum ne da ba ya kwana da bashin ko sisi. Na ce masa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ya ce nasa hanjin bai saba da dala ba. Muka zauna lissafi. Dala ta haura naira 100 a lokacin, ke nan ana maganar wajen naira 3,000, fiye da rabin mafi ƙarancin albashi na naira 5,500 da aka sa a shekarar. Duk da haka ya ce a biya. Ta yaya? Takardar ta ce da katin banki irin na ƙasashen waje, ko cakin da za a iya karɓa a bankin Amurka. Ba mu da ko ɗaya, ba mu kuma san mai shi ba. Lambar wayar kyauta da suka bayar daga cikin Amurka take aiki. Na kawo shawarar a sayi dala a Wapa a sa a ambulan. Kawu ya dube ni, ya ce ashe har yanzu akwai sauran ilimi a kaina.

Aka kai magana gaban Malam, wanda bai gama huce takalminsa ba. Ya saurara, ya ce mafi tsarki a goge abin a huta. Kawu ya ce gogewa ta yi maganin gobe, kwanakin da aka riga aka ci fa? Malam ya yi shiru, sannan ya ce idan mai haƙƙi ya gagara kaiwa gare shi, akan fitar da kwatankwacin haƙƙin a yi sadaka da niyyarsa, in kuma wata rana hanya ta samu, a biya shi.

Ranar Juma'a aka dafa shinkafa da wake tukunya guda, almajiran layinmu suka ci suka yi addu'a Allah ya kai lada ga wani Bature a Amurka da bai san ana yi ba. Kuɗin shinkafar daga ɗan abin da ya sawwaƙa na ƙarshen wata aka cire, wata uku a jere.

Manhajar dai ba a sanar da ita ba. Ranar Asabar da safe na buɗe ta, ta fito da Turancinta, ta ƙara kwana ɗaya a lissafi. Kawu ya sunkuyo, ya gyara tabarau, ya ce mata:

"An biya. Je ki tambayi Malam."