Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babbar Jijiyar Ƙafa

Takarda ta fito daga hannun masu ɗingishi na masarautar Daura, na cikin birni da na Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango, zuwa ga mai girma Babbar Jijiyar Ƙafa, wadda likitoci ke kira sayatik. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri da neman zaman lafiya.

Bayan haka, masu takarda ba su jahilci matsayinta ba, domin duk jikin ɗan Adam babu jijiyar saƙo da ta kai ta tsawo ko kauri: ta samo asali daga saiwoyi biyar da suka tsiro daga laka a ƙasan gadon baya, ta ratsa mazaunai, ta gangara ta bayan cinya, ta rabu biyu kusa da gwiwa, rassanta kuma suka isa har tafin ƙafa da yatsu. Abin da ya sa suka ɗauki alƙalami shi ne, aikinta na kai umarni ga tsoka da komo da labari ga ƙwaƙwalwa ya rikiɗe ya zama na azaba zalla, ta yadda atishawa guda kan sa magidanci ya ji zugi daga kwankwaso har dunduniya, ɗan acaɓa ya karkace ya zauna da ɓari ɗaya a kan babur, dattijon da bai taɓa barin sahun farko ba kuwa ya koma neman kujerar roba a gefen masallaci saboda ruku'u ya gagara. Suna tunatar da ita cewa ko macijin rijiyar Kusugu, wanda tarihin baka ya ce ya hana mutanen Daurama ruwa, yakan sarara musu ranar Juma'a.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗa cewa galibi ba ita ce tushen fitinar ba. Tsakanin ƙasusuwan baya akwai faya-fayan guringuntsi 23, kowanne mai tauri a waje da taushi a ciki, waɗanda ke shanye nauyi da girgiza. Idan shekaru suka ja, ko aka ɗaga buhun gero a sunkuye a kasuwar Mai'aduwa, ko aka daɗe ana jan guga da daka, faifai kan bulluƙo ya danne saiwarta ya kumbura ta, kuma mafi yawan hakan na faruwa ne a faya-fayai biyu na can ƙasa. Domenico Cotugno na ƙasar Italiya ya bayyana ciwon tun 1764, amma sai a 1934 likitoci biyu na birnin Boston a Amurka, Mixter da Barr, suka tabbatar da hannun faifai a cikinsa. Shi ya sa likita kan kwantar da majinyaci rigingine, ya kama dunduniyarsa ya ɗaga ƙafar a miƙe sannu a hankali, yana jiran inda zugin zai harba zuwa sharaɓa: ƙafa yake ɗagawa, amma baya yake tuhuma.

Wadda aka fi zalunta a wannan shari'a ita ce ƙafa, domin ita wanzami ke kafa wa ƙaho, ita ake yi wa tsaga da sakiya, alhali mai laifin yana can bayan ƙugu bai ji ko ƙwarzane ba. Mai amsa-kuwwa a bakin tasha kuma ya riga ya yanke hukunci cewa basir ne ko sanyi. Ko hoton MRI, wanda ke nuna ciki dalla-dalla, ba shaida ba ne shi kaɗai, tunda wani bincike na 1994 ya gano bulluƙowar faifai a jikin fiye da rabin mutum 98 da ba sa kukan ciwon baya.

Saboda haka masu takarda suna neman sulhu bisa sharuɗɗa uku. Na farko ya shafi magani: za su sha masu rage kumburi irin su ibuprofen ko diclofenac bisa shawarar likita, kaɗan kuma na ɗan lokaci, bayan cin abinci, domin suna iya jawo gyambon ciki, su taɓa ƙoda, su tayar da hawan jini, kuma ba a haɗa biyu daga cikinsu. Za su ƙaurace wa “haɗi”, wato ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda ba suna ba ƙa'ida, haka nan tiramol, wanda yakan kori ciwon ƙafa ya ajiye jaraba a gurbinsa. Ko pregabalin, da ake ba masu ciwon jijiya, gwajin da aka yi a Ostireliya aka wallafa a 2017 bai nuna ya fi ƙwayar da ba magani a cikinta amfani ga wannan ciwo ba.

Sharaɗi na biyu shi ne motsi, kuma shi ya fi nauyi, domin zuciya kwanciya take so, kwanciyar kwanaki kuwa tana sa tsoka ta saki, baya ya sandare. Sun amince da gajeruwar tafiya sau da yawa a rana, da miƙewa daga zama kafin ƙafa ta sage, da rusunawa da gwiwa a rungumi kaya kusa da jiki yayin ɗauka. Likitan gashi, wato masanin gyaran gaɓɓai ta hanyar motsa jiki, zai iya koya musu atisayen Robin McKenzie na ƙasar New Zealand, inda mutum ke kwanciya rub da ciki ya dogara da gwiwar hannu ya ɗaga ƙirji. Ma'auninsa mai sauƙi ne: idan zugi ya janye daga sharaɓa ya koma ƙugu, alamar nasara ce, idan kuwa ya ƙara gangarawa, sai a dakata a koma wurin masani.

Sharaɗi na uku shi ne iyakar haƙuri. Idan fitsari ya ƙi fita ko ya kuɓuce, ko bayan gida ya gagara riƙewa, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko ƙafa ta fara ja har silifa na suɓucewa, to sulhu ya warware, sai asibiti a ranar, domin jinkirin tiyata kan bar naƙasa ta dindindin. Zazzaɓi da gumin dare da rama kuma na iya nuna tarin fuka ya kama ƙashin baya. Hanya a buɗe take daga asibitocin Daura zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Likitoci sun shaida cewa mafi yawan masu wannan lalura kan samu sauƙi cikin makonni 6 zuwa 12 ba tare da an kai ga wuƙa ba, kuma masu takarda ba su da ja a kan wannan wa'adi. Roƙonsu dai mai girma Jijiya ta daidaita lissafinta ya ƙare kafin saukar damina, domin ciyawar gona ba ta karɓar takardar likita.

Haza wassalam.