Tafkin Alhaji a Bisa Dutse

Duk wanda ya taɓa kwana a Mpape, ya fito da asuba ya tsaya a ƙofar gida, ya hangi Maitama shimfiɗe a ƙarƙashin ƙafafunsa da fitilunta da itatuwanta, ya san cewa Allah Ya jarrabi mutanen wannan unguwa da wata jarrabawa wadda bai ɗora wa na Nyanya ko na Kubwa ba, wato kallon ni'imar wani safe da yamma ba tare da hijabi ba. Talakan ko'ina ɗaga kai yake yi in zai dubi mawadaci, amma na Mpape sunkuyawa yake yi, ya leƙa har cikin tsakar gidansa.

Ta wannan leƙe ne maƙwabcina Alhaji, mutumin kirki mai sayar da kayan gini, wanda tun da aka haife shi bai taɓa shiga ruwan da ya wuce idon sawunsa ba, ya lura da wasu shuɗɗan tabo a bayan gidajen manya, ya tambaya, aka ce masa tafkunan wanka ne. Daga ranar barci ya ƙaurace masa. Da fari ya yi nufin haƙa nasa, sai magina suka tunatar da shi cewa unguwar da yake zaune sunanta ma a harshen Gbagyi dutse yake nufi, kuma daga tsaunukanta aka fasa duwatsu masu yawa da aka gina Abuja da su, saboda haka duk mai son rami a nan sai ya nemi nakiya, ya kuma nemi gafarar maƙwabta. Bai karaya ba. Bayan mako biyu sai ga a-kori-kura ta sauke wani ƙaton kwali mai hoton Bature da iyalinsa suna dariya a cikin ruwa, a ciki kuwa akwai tamfol shuɗi, da sandunan ƙarfe, da ɗan injin tace ruwa, da takardar bayani wadda ba wanda ya karanta sai bayan da ɓarna ta auku.

Tafki ne da ake kafawa a bisa ƙasa kamar bukka, faɗinsa ƙafa 12, tsayinsa inci 30, yana cin ruwa wajen lita 6,500. Wannan lissafi a takarda ba ya tsorata kowa, amma a unguwar da yawancin gidajenta da jarka suke sayen ruwa, alhali kuwa madatsar Usuma da ke shayar da birni tana cikin ƙaramar hukumarmu ta Bwari, ma'anarsa jarka 260 ce mai lita 25, wato sawu 26 na kura mai jarka 10, kowane sawu kuma sai an turo shi a kan hawan da ko ɗan acaɓa sai ya yi addu'a kafin ya tunkare shi. Na ga shugaban 'yan garuwa ya leƙa cikin tamfol ɗin, ya cire hularsa ya sosa kai, ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, biki za a yi ko gobara ake jira?" Da aka ce masa wanka za a yi, sai ya ce shi bokiti guda ke isarsa, amma Alhaji ya fi shi jiki.

An kai sawu na 15 sai aka ga ruwa ya taru a gefe guda, sandunan wannan ɓangare sun rusuna kamar masu ruku'u, domin tsakar gidan a karkace take kamar kowace tsakar gida a Mpape, ruwa kuwa ba ya karɓar uzuri. Nan ne aka buɗe takarda, aka tarar tun a shafin farko ta gargaɗi mai saye da ya daidaita ƙasa kafin ya zuba ko moɗa guda, tun da nauyin abin in ya cika tan 6 da rabi ne. Maƙwabcin da gidansa ke ƙasa da na Alhaji, da ya ji wannan adadi, ya hauro da kansa ya yi sallama, ya ce shi ba ya hassada, illa iyaka yana so a sanar da shi ranar da za a cika, don ya kai iyalinsa wajen dangi. Aka kwashe ruwa, aka kawo tifar yashi mai laushi, birkila ya ɗora ma'auninsa, aka sake daga alif.

Ranar da tafkin ya cika, hunturu ya riga ya sauka. Alhaji ya tsoma yatsa guda, ya janye da sauri kamar ya taɓa kunama, ya ce lalle sai an ɗumama. A nan nake roƙon mai karatu ya dakata ya yi tafakkuri tare da ni. Kakanninmu sun shafe ƙarnuka suna neman hikimar sanyaya ruwa, har suka gano randa da tulu, waɗanda ke tsattsafo ta jikinsu iska ta busar, ruwan ciki ya yi sanyi. Baƙo in ya zo daga tafiya ruwan randa ake tarbarsa da shi, amarya ba a kai ta ɗaki sai da randarta. Yau ga jikansu ya hau tsani yana nannaɗe baƙar tiyo mita 100 a kan kwanon ɗakinsa, kamar gammon mai tallan duniya, don rana ta dafa masa ruwan da ya saya da tsada.

Gaskiya dabarar ba ta da aibi. Injin yana tura ruwa cikin tiyo, baƙin roba ya sha rana, ruwan ya komo da ɗumi. Aibin yana wajen hisabi, wanda wani ɗan ƙanensa mai karatun injiniya ya zauna ya yi masa a bayan kwalin. Ya ce, "Baba, kafin wannan ruwa ya ƙaru da digiri 1 tak, sai ya sha zafin da ya kai yunit 7 da rabi na wutar mita. Tiyon nan taka duk faɗin da take nuna wa rana bai wuce murabba'in mita 2 da rabi ba, ga hazo ya rage mata ƙarfi, in ta yi ƙoƙari yini guda ta ba ka digiri 1. Fuskar tafkin kanta ta ninka ta sau 4 wajen shan rana. Amma da dare busasshiyar iskar hunturu za ta bi ta kai ta kwashe duka, domin yadda randa ke sanyi haka shi ma yake yi." Maganin, in ji yaron, ba shi da tsada: a rufe tafkin da leda duk lokacin da ba a cikinsa, ɗumin ya zauna, ƙurar tifofi ma ta rasa ƙofa.

Alhaji ya yi shiru, ya dubi gidajen da ke sama da nasa a jikin tsauni, sa'an nan ya ce, "To in na rufe shi, wa zai san akwai shi?"

Labari ya kai masallaci, kamar yadda kowane labari ke kaiwa. Bayan la'asar wani dattijo ya tayar da mas'ala, ya ce, "Allah gafarta Malam, mene ne hukuncin ruwan da rana ta zafafa?" Liman ya gyara rawani ya ce haƙiƙa wasu malamai, musamman Shafi'iyya, sun karhanta shi idan a mazubin ƙarfe ya yi zafi a ƙasa mai zafi, amma roba ba ƙarfe ba ce. Wani ya ce to sinadarin kulorin da ake zuba wa ruwan tafki fa, wanda ya sauya masa ƙamshi da ɗanɗano, shin yana nan a matsayin ruwa muɗlaƙi? Aka yi ta jayayya har aka kira magariba. Mas'alar israfi kaɗai ce ba wanda ya taɓo, domin Alhaji ne ya sayi janaretan masallacin.

Aka sa ranar walima, aka yanka rago, aka jera kujeru kewaye da tafki. Sai wata mushkila ta ɓullo wadda ba ta cikin takardar Bature. Alhaji ba zai tuɓe riga a gaban 'ya'yansa da surukansa ba. Matarsa Hajiya ta ce ita ko da lulluɓi ba za ta shiga ruwan da gidaje 7 ke kallo daga sama ba. 'Yan mata an hana su, samari sun ji kunyar dattawa, ƙananan yara kuwa, waɗanda su kaɗai ne ke so, uwayensu suka riƙe su gam, da gaskiyarsu kuma, tun da ruwan da bai kai wannan ba ma yana halaka yaro. Iya ruwa fid da kai, aka ce, mu kuwa duk taron ba mai iyawa. Saboda haka kowa ya tsaya a baki da babbar rigarsa aka ɗauke shi hoto, daidai yadda 'yan birni suka yi ta tururuwa a 2020 zuwa tsohon ramin fasa dutse na Crushed Rock, su tsaya a gefen ruwan su juya masa baya, su yi wa waya murmushi. Ana cikin haka aka tashi nakiya a can bayan tsauni, ƙasa ta amsa, ruwan ya yi 'yar igiya. Wata tsohuwa da ba ta manta girgizar ƙasar watan Satumba na 2018 ba ta yi salati ta nemi ƙofa, Alhaji kuwa ya nuna wa baƙi da alfahari, ya ce haka teku take yi.

Bayan walima aka ɗauke wuta kwana 4, injin tacewa ya tsaya, ruwan ya tashi daga shuɗi ya koma kalar miyar kuka. Kwaɗi suka tare da iyalansu, sauro ya buɗe makaranta. Da bazara ta kama kuwa ya yi ɗumin da ba a roƙa ba, har Hajiya ta ce in an ƙara gishiri ana iya jiƙa kamu.

Yanzu akwai tarwaɗa 300 a ciki, kuma a nan ne karon farko da na ga mazauna tafkin sun iya ninƙaya. Tiyon tana nan a kan kwano, an juyo bakinta waje, da azahar in hunturu ya yi tsanani duk layinmu a nan muke tarar ruwan alwala. Wanda ke son kifi ya zo ranar Juma'a da safe da robarsa, Alhaji ba ya ba da bashi.