Yadda Ake Cin Musun Shata a Bencin Mai Shayi

A Rigasa, musun siyasa yakan lafa in an gama zaɓe, na ƙwallo kuma alƙalin wasa ne ke raba shi da usur. Wanda ba shi da alƙali ba shi da usur shi ne musun Alhaji Mamman Shata: a wane dare ne, a wane gari, ya yi wasan da ya fi kowanne? Mutumin nan ya rasu tun ranar Juma'a 18 ga Yuni, 1999 a Kano, aka kai shi Daura aka yi masa sutura. Amma har gobe in ka zauna a bencin mai shayi bayan sallar isha'i, daga Bakin Ruwa zuwa titin Makarfi har Hayin Malam Bello, ba za ka rasa dattawa biyu da jijiyar wuya ta tashi a kan wannan magana ba.

Laifin kuwa na Shatan ne. Ba ya rubuta waƙa, ba ya tara yaransa a zaure su yi gwaji. Amshi zai jefa musu, kalangu ya tashi, sauran kuma a nan take yake ɗinka shi gwargwadon waɗanda ke zaune a gabansa. Shi ya sa Bakandamiyar da aka ɗauka a wannan gari ba ita ce ta wancan gari ba, ko da kuwa amshin ɗaya ne. Da ya tsaya a kan siga guda kamar karatun allo, da tuni mun huta.

Na daɗe ina shan kaye a wannan benci. An ƙaryata ni, an tambaye ni shekarar haihuwata, an taɓa sa ni biyan kuɗin shayin mutum shida. Ga abin da wahala ta koya mini, kyauta.

Shawara ta farko: zaɓi gida kafin ka zauna

Gidaje uku ne. Akwai 'yan garmaho, masu cewa Shatan gaskiya shi ne na ƙuruciya, mai murya kamar sabuwar aska. Akwai 'yan kaset, waɗanda suka rantse cewa bai nuna ba sai a shekarun 1980, lokacin da murya ta yi kauri, habaici ya yi dafi. Sai 'yan bidiyo, masu riƙe da Shatan shekarun 1990, da babbar riga da furfura, yana jefa baiti ɗaya ya bar kalangu ya ƙarasa zancen.

In kana son zaman lafiya, shiga gidan 'yan kaset. Gidan garmaho na buƙatar furfura ta gaske, gidan bidiyo kuma akwai haɗari, don ana iya kunna hoton a duba. Kaset ba shi da ido. Duk abin da ka ce ya faru a filin, to ya faru. In ɗan garmaho ya ce maka muryar ta tsufa, kada ka ɗaga murya. Kurɓi shayi ka ce, "Kawu, ai da tsohuwar zuma ake magani." Zai yi shiru, don shi ma tsohuwar zumar ce.

Abin da ba a yafewa shi ne ka ce duk wasanninsa suna da daɗi. Mai faɗin haka an ɗauke shi baƙo, kuma baƙo ba ya musu, sai dai ya miƙo sukari.

Shawara ta biyu: ka ce kana wurin, amma yi lissafi tukuna

Gani ya kori ji. Wanda ya ce "na ji a kaset" ɗan rakiya ne a gaban wanda ya ce "ina tsaye a wurin". Saboda haka kana wurin. Sai dai ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a kowane benci akwai tsohon malamin lissafi da ya yi ritaya ba shi da aikin yi. In an haife ka a 1990, shekararka 9 Shata ya bar duniya. Kada ka ce ka yi masa liƙi. Ka ce kawunka ya saɓa ka a wuya, kuma daga can sama ka fi kowa gani.

Kada ka zaɓi babban taro na gwamnati a Kaduna, don rabin mutanen bencin sun je, sauran rabin kuma sun gani a talabijin. Zaɓi bikin wani attajiri a wani ƙauye tsakanin Funtuwa da Bakori, inda Shata ya yi zama kuma kowa ya san ƙafarsa ta saba. Kada ka faɗi sunan ƙauyen. Ka ce "ka san wannan kwanar da ake sayar da rake?" Kowace kwana ana sayar da rake.

Sannan ka ƙawata da ƙananan abubuwa, su ne ke sa ƙarya ta tsaya da ƙafarta: janareta ya mutu sau biyu, hadari ya haɗu bai zubar ba, fatar kalangu ɗaya ta fashe aka ci gaba da sauran. Kada ka manta da ƙura. Wasan da ba a tashi da ƙura a gira ba, ba wasa ba ne.

Shawara ta uku: kaset mafi daɗi shi ne wanda ya ɓata

Wannan ita ce uwar dabara. Kada ka taɓa kafa hujja da kaset ɗin da ke hannunka, don za a ce kawo a ji, a ji kuma a ce ai na wane ya fi. Kafa hujja da wanda aka ara ba a dawo da shi ba. Ka ce TDK ne mai minti 90, wani direban tirela ya ɗauka da kansa da rediyo mai batir shida, ya ɓoye ta cikin babbar riga. Ka ce gefe na biyu ne abin yake, daidai inda zaren ya taɓa tsinkewa ka manne shi da jan farcen uwargida. Ka kwatanta yadda kake zura biro a ramin kaset kana juyawa don kada batir ya ƙare. A nan idanun dattawa za su yi laushi, kowa ya tuna nasa biron.

Wa ya ara? Wani maƙwabci da ya koma Legas. In an matsa, ka ce Allah ya yi masa rasuwa. Ba mai bin mamaci bashin kaset.

Shawara ta huɗu: yabi abin da kunnen kowa bai kama ba

Sabon shiga shi ne ke cewa "muryarsa ta yi daɗi a daren". Kai ka wuce nan. Ka ce abin da ya ɗaga wasan shi ne mai kuntukuru, yadda yake cusa ƙaramin sautinsa tsakanin kalangai. Ka ce 'yan amshi sun makara da rabin numfashi, Shata ya waiwaya ya harare su, kuma wannan hararar ana jin ta a kaset. Ka ce maroƙi ya tsinka kirari a tsakiyar baiti, maimakon ya ɓata, sai Shata ya ɗauki kalmar ƙarshe ta kirarin ya gina baiti uku a kanta.

In kana son a ba ka wurin zama na dindindin, yabi shirunsa. Ka ce a shekarun tsufa, inda ya fi kashe mutum shi ne inda ya yi shiru ya bar kiɗa na tafiya, jama'a na jiran abin da zai faɗo. Wannan ma ba ƙarya ba ce, kuma gaskiya ɗaya a cikin buhun ƙarya tana gyara buhun gaba ɗaya.

Shawara ta biyar: riƙe shekaru kamar sanda

Ba sai ka haddace da yawa ba. An haifi Shata a Musawa a 1923. Ya yi tallar alewa kafin waƙa ta ɗauke shi, mahaifinsa kuma bai so ya zama mawaƙi ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988, daga nan ya zama Dokta. Tun kafin haka, a 1975, Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana ta Amurka. A 2006 kuma Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah.

Amfanin waɗannan ba don ilimi ba ne. In abokin musu ya fara cin ƙarfinka, sai ka tsayar da shi: "Tsaya, Alhaji. Wannan wasan naka kafin digiri ne ko bayan digiri?" Ba shi da amsa, don bai taɓa raba rayuwarsa haka ba. Kafin ya gama ƙirga da yatsu ka canza zance zuwa waƙar Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ka tambaye shi siga nawa ya sani. Ko nawa ya faɗa, ka ƙara ɗaya.

Littafin kuwa ka ce ka karanta. Shi ma zai ce ya karanta. Ku duka kun san gaskiya, ku rufa wa juna asiri.

Shawara ta shida: in an ƙure ka, tsallaka teku

Wata rana za a haɗu a kanka. A nan sai ka gyara hula ka nuna musu ciwon nan ba namu ne mu kaɗai ba. A Amurka an yi wata ƙungiyar makaɗa mai suna Grateful Dead, daga 1965 zuwa 1995, shekarar da jagoransu Jerry Garcia ya mutu. Sun yi wasa sama da 2,000, su ma ba sa maimaita waƙa siga ɗaya, har wuri suke ware wa masu zuwa da na'urar ɗaukar sauti. Masoyansu har yau suna sa-in-sa a kan ko wasan da aka yi a Jami'ar Cornell ranar 8 ga Mayu, 1977 shi ne gagarau, ko kuwa na shekarun ƙarshe ne aka raina. A Masar ma haka ake yi da Ummu Kulsum, wadda ta rasu a 1975, mai yin wasa a Alhamis ta farko a kowane wata ana watsawa a rediyo, tana juya baiti ɗaya yadda ta ga dama.

Bambancin kawai, Turawan sun rubuta kwanan wata a bayan kowane kaset. Mu kuwa abin da ke rubuce a bayan namu shi ne "Shata 2", da sunan mai shi, da gargaɗin kada a ara.

In wannan bai cece ka ba, jefa gurneti: ka ce kai fa a wasan fili ka fi jin Ɗankwairo, ko ka ce kuntigin Ɗanmaraya Jos shi kaɗai ya isa taro. Bencin zai rabe biyu, a manta da kai, ka shanye shayinka da zafinsa.

Shawara ta bakwai: ka kiyayi yaro mai waya

Babban maƙiyinka ba dattijon da ke gabanka ba ne. Yaron nan ne da ke gefe yana jiran Indomie, wanda ya je shagon masu tura waƙa aka cika masa memori da Shata na naira ɗari biyu. Kana cikin bayanin baitin da ya girgiza Funtuwa sai ya ce, "Baba, bari in kunna a ji." Kada ka firgita. Bari ta yi minti ɗaya, ka girgiza kai cikin tausayi ka ce, "Yaro, wannan ai ta gidan rediyo ce. Ta fili nake magana." In ya ce ta fili ce, ka ce an yanke. Kullum an yanke. Abin da babba ya ji a zaune, yaro ko ya sa abin kunne biyu ba zai ji ba.

Shawara ta ƙarshe: san inda ake ajiye makami

Akwai wani tsohon ma'aikacin reluwe da ke zama a ƙarshen bencinmu, kusa da tukunyar ruwan zafi. Shekaru muna musu bai taɓa sa baki ba. Wani dare, bayan jirgin Abuja na ƙarshe ya shigo tasha kuma masu Keke sun watse, mai shayi ya ce masa, "Baba, kai wanne ne naka?"

Ya ce wani biki ne a Funtuwa. Bai samu shiga ba, sai ya jingina kekensa da katanga ya hau kan sirdi yana leƙe. Janareta na kusa da shi, don haka rabin waƙar bai ji ba. Aka ce to me ya sa ya fi? Ya ce a daren ne ya fara ganin wata yarinya mai tallar gyaɗa a bakin ƙofa, ya sayi ta sisin da ya rage masa, ya koma gida a ƙafa yana tura keke don tayar ta sace. Ita ce ta haifa masa 'ya'ya bakwai. Bara waccan aka yi mata rasuwa.

Ba wanda ya tambaye shi kafin digiri ne ko bayan digiri. Malamin lissafi ma bai ƙirga komai ba.

To ka ji. Duk dabarun nan na sama suna aiki a kan kowa, ban da irin wannan. In ka gamu da shi, ajiye su ka biya masa kuɗin shayi. In kuma da gaske akwai tsohon kaset a ƙarƙashin gadonka, ba na ƙarya irin nawa ba, fito da shi tun zaren bai manne ba, ka kai a juye shi a waya, ka rubuta gari da shekara in ka tuna. Wanda na ara maka kuma, Malam, har yanzu ina jira.