Masu Sayen Kyamara, Allah Ya Ba Mu Haƙurinku

A Diffa, da zarar tattasai ya bushe an ɗura shi a buhu, kuɗi ya shiga hannun manoman bakin Komadugu, abu biyu ke tashi tare: bikin aure da sayen kyamara. Mu masu montaj, da ke zaune gaban kwamfuta muna haɗa bidiyon biki, mu ake sauke wa wahalar duka biyun. Tambaya ɗaya tal ya kamata mai saye ya yi kafin ya zaro kuɗi: abin da kyamarar nan ta ɗauka, manhajar kwamfutata za ta buɗe shi? Ita ce kuma ba a tunawa da ita sai an watse daga walima.

Na fi jin daɗin Alhaji mai awon nauyi. Shi kyamara a wurinsa kamar ragon layya take, sai an ɗaga an ji. Yakan ba da saƙo Maiduguri ko Kano, a dawo masa da ƙatuwar Panasonic ta kafaɗa, irin mai cin kaset ɗin MiniDV, wadda ta gama aurar da rabin wata unguwa kafin ta tsallako iyaka. Zai shigo shago, yaro na biye da ita naɗe cikin darduma, ya warware a hankali, ya hure ƙura, ya ce, "Malam, ɗaga ka ji. Wannan ba wasan yara ba ne." Sai na ɗaga, na yaba, sannan na fara lallashi: ranka ya daɗe, kaset ɗin nan ba ya shiga kwamfuta sai ta wayar FireWire, kuma awa ɗaya ta biki awa ɗaya take ci wajen juyewa. Kwamfutocin hannu na yanzu kuwa sun daɗe da daina zuwa da wannan rami. Alhaji ba ya yarda da magana. Zai karɓi kwamfutar da kansa, ya jujjuya ta, ya yi bismilla ya tura kan wayar cikin ramin USB. Ta ƙi. Ya koma na HDMI. Ya gwada har na lasifikar kunne, don kada a ce bai yi iya ƙoƙarinsa ba. Daga nan sai hukunci: "Injinka ne ƙarami, Malam. Ka nemi babba."

Amma fa Alhaji ya san abin da mu ba mu so mu faɗa. In mai ɗauka ya shiga gidan biki da ƙatuwar kyamara a kafaɗa, take mata ke gyara ɗaurin kallabi, dattawa su miƙe zaune, yara su buɗe hanya. In da waya ya shiga, ɗan gayya ne kawai, ko kujera ba za a ba shi ba. Har akwai wani mai montaj a garin nan da ke ɗora wa yaronsa matacciyar kyamarar Alhaji a kafaɗa, ba ko batir a ciki, shi kuma yana raɓe yana ɗaukar ainihin bikin da ƙaramar kyamara. Ba zan faɗi sunansa ba, don muna kwana ɗaki ɗaya.

Sai mai karanta kwali. Shi lamba yake saye: 4K, zum sau ɗaruruwa, duk abin da aka rubuta da ruwan zinariya. Kwamfutarsa ta gwanjo ce mai ƙwaƙwalwa giga 4, fayil ɗin kuma H.265, sai ka ga amarya ta ɗaga ƙafa ta tsaya cak, ta sauke bayan an gama guɗa. Ƙarshen 4K ɗin nan WhatsApp ne, inda za a matse shi har ango ya kasa gane kansa.

Na biye da shi wanda yayansa ya aiko masa daga Amurka. Kyamarar tana ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa, namu tsarin 25 ne, wutarmu ma ba irin tasu ba ce, saboda haka duk abin da aka ɗauka ƙarƙashin dogon ƙwan fitila sai ya riƙa ƙyafta ido. Ba ka isa ka kushe ba. Kyauta ce, kuma ta Yaya ce.

Akwai wani malamin makaranta da nake ganin girmansa. Windows Movie Maker ya iya tun zamanin XP, da ita zai mutu. An gaya masa Microsoft ta janye ta a 2017, an gaya masa tsohuwar tasa ba ta san AVCHD ba, tsarin da Sony da Panasonic suka fito da shi tun 2006. Ya ce to a nemo masa kyamarar da ta san tasa. Duk cikin jerin nan shi kaɗai ya yi tambayar da ta dace, sai dai amsarta ta ƙare a kasuwa.

Ɗan jami'a mai CapCut cewa yake zamanin kyamara ya wuce, waya ta isa, har sai kira ya shigo daidai lokacin da liman ke shafa fatiha. Dillali kuwa kowace kyamara a hannunsa "tana shiga kowace kwamfuta", ka tambaye shi wacce manhaja, ya ce duka.

Duk waɗannan ina shan shayi da su. Wanda ba na yi wa dariya shi ne mai gwaji ranar biki. Ya karɓi kuɗin mutane, ya aro sabuwar kyamara daren jajibere, ya sa mata katin memori na bogi, wanda aka rubuta giga 64 a jikinsa alhali cikinsa bai kai rabin haka ba. Irin wannan kati ba ya cewa ya cika, karɓa kawai yake yana lalatawa. Gwajin da zai tsare shi ba shi da wuya: ka ɗauki kaɗan, ka juye, ka buɗe, ka yanka, ka fitar, katin ma ka cika shi ka duba tun a gida. Bai yi ba. Kuma ya san garin da yake. Tun 2015 dangi suka warwatse, wasu a Bosso, wasu a sansanin Sayam Forage, wasu sun koma Damasak. Kafin a tara tsofaffin gida ɗaya ƙarƙashin rumfa ɗaya, an sha kuɗin mota da shingayen bincike, kuma babu mai tabbacin za a sake tara su. Shi ne zai kawo min fayilolin da ba sa buɗewa, ya zagaya ya ce wa uwar amarya kwamfutar mai montaj ce ta cinye bikin. Ni za ta zo ta samu, tana cewa, "Ɗana, ko wajen da Kaka ta sa albarka ba a samu ba?"

Na ce kada ya ƙara tako min shago. Kasuwa ba ta zagayo ba sai ga shi da wani katin, na bikin wasu bayin Allah, yana tambaya ko zan rage masa jaka biyu tunda shi tsohon abokin ciniki ne.