Wanka a Kwarin Reykjadalur

A ƙasar Aislan, kimanin kilomita 45 daga birnin Reykjavik, kusa da garin Hveragerdi, akwai wani kwari mai suna Reykjadalur, inda a lokacin hunturu mutane masu cikakken hankali, alhali kuwa akwai ruwan zafi a masaukinsu, sukan biya jagora ujura domin ya kai su wanka a wani rafi mai ɗumi bayan duwatsu. Tafiyar ta kai kilomita 3, akasarinta hawa. Sama ƙanƙara, ƙasa taɓo na tafasa, iska kuma na ɗauke da warin farar wuta, sai ka ce ruɓaɓɓen ƙwai. Jagora ya yi gargaɗi cewa wanda ya kauce hagu zai daskare, wanda ya kauce dama zai dahu, jama'a kuma su yi masa godiya.

Da an isa rafin ɗumin, mutumin da ya fito da riguna huɗu sai ya tuɓe su a filin Allah, haƙora na kaɗawa, yana shaida wa na kusa da shi cewa bai taɓa samun natsuwa irin ta yau ba. Malaman fiƙihu dai sun ce ruwan da farar wutar mazauninsa ta jirkita yana nan da tsarkinsa, saboda haka wankan ya inganta. Amma mai niyya ya sani, da ƙafa ake komowa.