Kowa da Jirginsa, Kowa da Halinsa

A kudancin Ingila akwai wani siririn mashigin teku da ake kira Solent, wanda ya raba babbar ƙasa da tsibirin Wight. Nan ne matattarar masu jiragen ruwa na shaƙatawa, irin masu tafiya da iska: doguwar sanda a tsaye, manyan ƙyallaye biyu masu kama iska, ɗan injin dizal a ciki, da wani nannauyan ƙarfe a ƙarƙashi mai hana jirgi kifewa. A garin Cowes tun 1826 ake makon tsere, har yau kuma da harba igwa ake sallamar jirage. A kogin Hamble da ke tsallake kuwa, sandunan jirage sun yi cincirindo, ido ba ya iya ƙirga su. Abin da baƙo zai fara lura da shi shi ne, ko ranar da gari ya yi wasai, iska ta yi daidai, yawancin jiragen nan a ɗaure suke. Masu su na nan da ransu da lafiyarsu, kowa da uzurinsa.

Shugaban masu uzuri shi ne Saya-ka-ɗaure. Wannan bawan Allah ya je bajekolin jirage da ake yi a Southampton duk watan Satumba, ya shiga wani mai tsawon mita 12, ya ga gado da kicin da firji, ya sa hannu a takarda. Ya yi lissafin kuɗin saye tsaf, bai yi na riƙo ba. Jirgi kuwa tamkar doki yake, ko ka hau ko ba ka hau ba sai ya ci harawarsa. Wurin ɗauri da mita ake biyansa, a Hamble kuma dubban fam ne a shekara. Duk shekara sai an ɗaga jirgin da ƙugiya, a kankare gindinsa, a shafa masa fenti mai hana gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo manne masa. Sai an canja guntayen tutiya da ake ɗaurawa a ƙasa domin ruwan gishiri ya cinye su, ya ƙyale farfela. Ga inshora, wadda takan so a sabunta wayoyin ƙarfen da ke riƙe da sanda bayan kimanin shekara 10. Masana harkar kan ce mutum ya ware kusan kashi 10 cikin 100 na darajar jirgi kowace shekara. Shi dai Saya-ka-ɗaure yana biya, ba ya gardama. Ranar Asabar ya zo da hularsa ta kyaftin, ya goge ƙarafa su yi ƙyalƙyal, ya dafa shayi, ya dubi sama. In iska na kaɗawa, ta yi yawa. In ta kwanta, da me za a tafi? La'asar na yi ya kulle ya koma gida, ya ce wa abokan aiki ya wuni a teku.

Wanda na fi tausayi shi ne Na-Araha. Ya ga talla, jirgin faiba na shekarun 1970, kuɗinsa bai kai na tsohuwar mota ba. Aka ce masa ya ɗauko ƙwararren mai binciken jirgi, ya ce kuɗin binciken ai ya isa sayen sababbin igiyoyi. Da ya ɗauko shi, da mutumin ya sa an fito da jirgin tudu, ya bi jikinsa da 'yar guduma yana ƙwanƙwasawa yana saurare, ya auna damshin da faiba ta sha, ya duba kusoshin da ke riƙe da ƙarfen ƙasa, ya murɗa kowane famfo da ya huda cikin jirgi, domin ta nan ruwa ke shiga ya nutsar da jirgi yana ɗaure a tasha. Da ya tambayi takardun mallaka, ya bincika ko akwai bashi a kan jirgin. Ƙa'idar ciniki a can sananniya ce: a ba da kafin alƙalami, yawanci kashi 10 cikin 100, bisa sharaɗin bincike da gwaji a ruwa, in an ga babban aibi a rage farashi ko a fasa. Na-Araha ya tsallake wannan duka, ya yi musafaha, ya karɓi makulli.

Wata na farko ya ga ƙuraje sun feso a gindin jirgi, ya fasa ɗaya, wani ruwa mai warin tsami ya fito. Wata na biyu ya taka saman jirgi ya ji yana lotsawa, ashe katakon da ke tsakanin faiba ya ruɓe. Wata na uku injin ya mutu a bakin tasha, saboda tankin ya daɗe rabi-rabi, ruwa ya taru a ƙasansa, ƙwayoyin cuta sun hayayyafa sun zama baƙar majina ta toshe matata. Araha ba ta ado. Yanzu jirgin na can bayan filin gyara a kan turaku, an lulluɓe shi da shuɗiyar tamfol, ciyawa ta kai gwiwa. In ka tambaye shi sai ya ce saura ƙiris.

Maƙwabcinsa a filin, Gyara-kullum, lafiyar jirginsa ƙalau. Shi dai ba ya iya ganin inji na aiki bai kwance shi ya ga dalili ba. Rabon jirginsa da ruwa an manta, amma kowa na girmama shi, don shi kaɗai ne ke da kowace irin sifana.

Sarkin Tsawa kuwa jirginsa na fita, abin da ya sa kowa ya san shi ke nan. A tudu akawu ne mai sanyin hali, ko yaro ya taka shi shi ke ba da haƙuri. Yana kama sitiyari sai ya rikiɗe. A Birtaniya doka ba ta tilasta wa mai ƙaramin jirgin shaƙatawa mallakar lasisin tuƙi kafin ya shiga teku. Akwai kwasa-kwasai masu kyau na ƙungiyar RYA, amma ganin dama ne, shi kuma bai ga dama ba. A ga shi lokacin shiga tasha. Jirgi ba shi da birki, iska na tura shi gefe, ruwa na jan shi wani gefen, shi kuma ya taho da gudu. Uwargida na tsaye a goshin jirgi da igiya a hannu.

"Yi tsalle! Na ce ki yi tsalle!"

"Maigida, tsalle zuwa ina? Ruwa nake gani."

"To jefa igiyar! Ba waccan ba, ɗayar!"

Duk igiyoyin farare ne, bai kuma gaya mata komai ba kafin su iso. Masu shan iska a sauran jirage sun ajiye kofuna, sun fito da balan-balan ɗin roba suna kare nasu. Abin da ya kamata ya yi ba ɓoyayye ba ne: ya tsaya a waje tukuna, ya ga inda iska da ruwa suka dosa, ya raba wa kowa aikinsa cikin natsuwa, ya shigo a hankali yadda ko ya yi karo fenti kawai zai goge. In bai daidaita ba ya ja baya ya sake. Amma sakewa a gaban jama'a, a wurinsa, ta fi karo ciwo. Baɗi za ka gan shi yana neman ma'aikata a allon sanarwa na kulob, yana mamakin yadda iyalinsa ba su son teku.

Masu tsere jinsinsu daban. Ɗan tsere na gaskiya ya ɗauki nauyi abokin gaba. Ya cire ƙofar banɗaki, ya kwashe katifu, ya zubar da rabin ruwan sha, sannan ya jera ƙarti shida a gefen jirgi, ƙafafu na reto a waje, ruwan sanyi na dukansu, domin nauyinsu ya miƙar da jirgin. Jirgin iska ba ya iya fuskantar iska kai tsaye, sai dai ya karkace kamar digiri 45, ya yi dama ya yi hagu, saboda haka jirage kan riƙa gicciye juna, kuma a nan ake samun Lauyan Ruwa. Dokar mai sauƙi ce: wanda iska ke bugo wa ta hagu shi zai kauce wa wanda take bugo wa ta dama. Wanda ya yi laifi ya juya jirginsa sau biyu a wurin, magana ta ƙare. Lauyan Ruwa bai yarda magana ta ƙare ba. Jar tutar ƙorafi na cikin aljihunsa a naɗe, ya fi saurin warware ta a kan jan igiya. Da yamma, sa'ad da kowa ke cin abinci, shi yana ɗakin kwamiti yana tura 'yan jiragen roba a kan tebur, yana neman a mayar da shi na 17 daga na 18.

Wannan ciwo ba na talaka kaɗai ba ne. A 1851 wani jirgi mai suna America ya zo daga New York ya zagaye tsibirin Wight ɗin nan, ya bar jiragen Ingila a baya, ya tafi da kofi. Amurkawa suka riƙe shi shekara 132, sai a 1983 'yan Ostareliya suka ƙwace. Sir Thomas Lipton, mai ganyen shayin nan da ba a rasa shi a teburin mai shayi, sau biyar yana ƙera jirgi yana neman kofin tsakanin 1899 da 1930, sau biyar yana dawowa hannu rabbana. Har yau Birtaniya ba ta ɗauke shi ba. A 2024 ta kai karawar ƙarshe a Barcelona, New Zealand ta lallasa ta 7 da 2.

Mai Na'ura shi ma yana fita, sai dai bai taɓa ganin teku ba, idonsa na kan allo. Taswirar takarda a wurinsa kayan tarihi ce, jadawalin cika da janyewar ruwa kuma aikin tsofaffi. A tsakiyar Solent akwai wani tudun yashi, Bramble Bank, wanda kan leƙo sama in ruwa ya janye ƙwarai, har kulob biyu na masu jirgi kan je su buga wasan kurket a kansa sau ɗaya a shekara kafin ruwa ya dawo. Ko katafaren jirgin fasinja QE2 ya taɓa kafewa a nan a 2008. Mai Na'ura ya ja layi miƙaƙƙe a allo, bai buɗe hoton ya ga zurfi ba. Sai ka hango jirginsa a kishingiɗe, shi yana zaune a gefe yana jiran sa'o'i su wuce, yana yi wa masu wucewa alama da hannu wai da gangan ya tsaya.

Akwai kuma wata dattijuwa, kusan kowace tasha da irinta, mai ɗan jirgi mita 8 da fentinsa ya koɗe. Ba ta da hular kyaftin. Takan saurari hasashen yanayi, ta duba jadawalin ruwa, ta fita tare da shi ta dawo tare da shi. Tana rage ƙyalle tun iska ba ta yi ƙarfi ba, rigar ceto kuma ba ta barin jikinta. Tsararta ba su manta tseren Fastnet na 1979 ba, wanda jirage 303 suka shiga, guguwa ta rutsa da su, 'yan tsere 15 suka mutu. Sarkin Tsawa ya taɓa tsayawa yana koya mata ɗaurin igiya. Ta saurare shi har ya gama, ta yi godiya.

Sai-baɗi zai zagaye duniya. Ya san cewa daga tsibiran Canary ake tashi a watan Nuwamba, dab da ƙarshen lokacin guguwa, a bi iska zuwa Karebiyan. Ya sayi injin tace ruwan gishiri, da faifan sola, da wayar tauraron ɗan'adam, da abincin gwangwani da ya riga ya lalace sau biyu. Saura abu ɗaya kullum. Kada ka kuskura ka tuna masa cewa Robin Knox-Johnston ya tashi daga Falmouth a 1968 cikin jirgin katako da bai kai mita 10 ba, ya zagaye duniya shi kaɗai ba tare da tsayawa ba cikin kwana 312. Zai ce maka ai zamani ya canja.

Baƙon da aka gayyato na kwana ɗaya ba shi da laifi, jahilci ne. Ya zo da akwati mai tauri wanda ba inda zai shiga, da takalmi mai baƙin gindi da ke zana layi a farin bene. Jiri na kama shi ya gudu ciki ya kwanta, alhali maganin shi ne ya zauna a waje, ya kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa, ko a ba shi sitiyari ya riƙe. Da amai ya zo kuma sai ya nufi ɓangaren da iska ke tahowa. Kafin yamma ya toshe banɗaki, sandar kwance da ke riƙe da ƙyalle ta gaishe shi a ƙeya.

Wanda ya fi su duka morewa ba shi da jirgi ko na roba. Ɗan-bulus ya iya ɗaurin igiya, ba ya amai, ba ya musu, ga iya dafa shayi jirgi na tangaɗi. Don haka kowa na nemansa. Asabar yana tsere da Ɗan tsere, Lahadi ya raka Sarkin Tsawa ya toshe kunne, in an yi ruwan sama ya sha shayin Saya-ka-ɗaure. Gudummawarsa burodi da cuku. Watan Nuwamba na kamawa, lokacin ɗaga jirage da kankare gindi cikin sanyi, sai wayarsa ta lalace, ba ta gyaruwa sai Afrilu.